Maganin Mura a Wajen Badala: Tarihin Fagge, Sabon Gari da Baƙin Tsirrai

Idan kaka ta wuce aka gama kai hatsi rumbu, iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar nan mai laushi wadda take dusashe rana har yaro ya iya kallonta bai runtse ba, to, a Kano an shiga lokacin mura ke nan, kuma ba ta ƙetare gidan attajiri don ta faɗa na ɗan dako. Tun kaka da kakanni mutanen wannan birni suna da abin da suke tarbarta da shi, watau citta da kanumfari da masoro da kimba, a daka a barbaɗa a kunu, ko a dafa a sha da zuma. Amma abin da ba kowa yake tsayawa ya yi la'akari da shi ba shi ne, in aka ɗebe tafarnuwa da barkono da lemon tsami, da ƙyar za a sami ɗaya daga cikin kayan yajin maganin mura da ƙasar Kano take fitarwa da kanta. Baƙi ne, a bayan raƙumi ko jaki suka zo, daga baya a taragon jirgin ƙasa, daga baya kuma a jakar alhazai, kuma da yawa daga cikinsu a wajen badala suka fara sauka, a filin da ya zama Fagge da unguwar da Turawa suka yanka aka kira ta Sabon Gari.

Fagge asalinta zango ne. Masu riwaya suna kai farkonta zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, wanda kuma shi ake jingina wa kafa Kasuwar Kurmi. Dalilin zamanta a inda take kuwa a fili yake, domin ayarin da yake tafe da ɗaruruwan raƙuma ba zai kutsa lungunan birni ba, tilas ya ya da zango a sarari, gabas da ganuwa, inda dillali zai fito ta Ƙofar Mata ko ta Wambai ko ta Mazugal ya same shi. Abin lura a nan shi ne lokacin isowar ayarin. Azbinawa sukan ɗauko gishiri daga Bilma da kaka, su iso ƙasar Hausa a tsakiyar ɗari, sa'ad da hatsi ya yi araha. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, tare da irin wannan ayari ya gangaro daga Azbin kafin ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851. Ashe ke nan a daidai watannin da tari da atishawa suka cika gari ne Buzaye suke kwance kayansu, kuma a gefen kantun gishiri da dabino ba a rasa 'yan ƙulle-ƙullen ganyayen hamada, irin su filasko da tazargade, wadda har yau tsofaffin mata suke jiƙa wa yaro idan jikinsa ya yi zafi.

Kanwa daga gabas take zuwa, ta hannun fataken Barno. Masoro da kimba da citta mai ƙwaya 'ya'yan kurmi ne, fataken goro na hanyar Gwanja da masu zuwa Nupe da ƙasar Yarbawa su ne suke haɗo su cikin kayansu. Wanda ya fi kowa nisan gida kuwa shi ne kanumfari, domin asalin itacensa tsibiran Maluku ne a ƙasar da yau ake kira Indunusiya, kuma sai ya ratsa teku, ya bi kasuwannin Larabawa, ya ƙetare Sahara a hannun irin Larabawan Gadamus da Tarabulus da suke zaune a Dandalin Turawa, kāna ya faɗa turmin wata mata a Yakasai.

Su kuwa masu sayen waɗannan kaya ba da ka suke saye ba, suna da nasu bayani game da sababin ciwon. A wurin Bahaushen da, mura sanyi ne da ya shiga jiki, ta hanyar raɓa, ko kwana a waje, ko wanka da ruwan randa da asuba, kuma abin da sanyi ya ɗaure zafi ne yake kwance shi. Wannan ita ce hujjar yaji, ita ce kuma hujjar ruwan zafi da kunun kanwa da ake ɗora mai jego a kansu har ta yi arba'in. Malaman da suka karanta littattafan ɗibbu na Larabci sai suka tarar wannan fahimta ta dace da abin da hukama'u suka rubuta a kan ɗabi'u huɗu, zafi da sanyi da danshi da bushewa, inda aka sanya majina a babin sanyi da danshi, aka sanya citta da kanumfari a babin zafi. Shugabannin jihadi ma ba su bar fannin ba: Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Masalihul Insan, wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya rubuta risaloli da dama a kan magani, galibi yana dogara da abin da aka ruwaito daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Daga nan ne zuma ta sami martabar da take da ita, saboda ambaton warakarta a Suratun Nahli, haka ma habbatussauda, wadda Buhari da Muslim suka ruwaito falalarta. A cikin waɗannan littattafai guda biyu ne kuma aka ruwaito hani ga iyaye mata kada su azabtar da 'ya'yansu da danna musu maƙogwaro idan ya kumbura, aka nusar da su ga kusɗul hindi; a ganina duk uban da ya karanta wannan babi ya kamata ya yi dogon nazari kafin ya miƙa jaririnsa ga wanzami don cire belu.

Amma fa aikin yau da kullum ba a zauren malam ake yinsa ba, a gindin murhu ne, a hannun uwa ko kaka. Za ta tafasa ruwa da ganyen lemon tsami da 'yar citta, ta sauke tukunyar a tsakar ɗaki tana tururi, ta zaunar da mai mura a kujera 'yar tsugunno, ta lulluɓe shi da gwado shi da tukunyar baki ɗaya, ta danne gefen gwadon da ƙafarta don kada iska ta shiga, in ya fara mutsu-mutsu yana cewa zai mutu, sai ta ce, “Daure dai, ɗan nan, sai ka yi gumi tukuna.” Idan ya fito sharkaf, idanu jawur, ta miƙa masa kunu mai yaji, ta hana shi fita tsakar gida. Wannan shi ne sirace. Ba ya kashe abin da yake jawo mura, amma tururi yana sassauta majina, abin sha mai ɗumi yana lallashin maƙogwaro, kwanciya kuma tana ba jiki hutun da yake bukata. Illarsa babba ita ce ƙuna, domin ƙaramin yaro da tafasasshen ruwa a ƙarƙashin mayafi ɗaya kasada ce.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, a 1913 kuma aka yanka Sabon Gari a arewa maso gabas da Fagge domin akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa waɗanda suka biyo dogo daga kudu, Yarbawa da Nufawa da Ibo, har da mutanen Saliyo da Gwalkwas. Kwarori suka kafa kantunansu a Fagge ta Kudu, inda Kantin Kwari yake. Cikin 'yan shekaru ƙalilan sai hanyar raƙumi ta zama ƙarama, hanyar teku da dogo ta zama babba, kuma kayan da suke shigowa suka sake kama: ga kwinin, ga man zafi na shafawa a ƙirji, ga alewar tari a gwangwani, ga farfesun mutanen kudu wanda su ma da shi suke korar sanyi, da masoro da kimbar da Bahaushe ya riga ya sani. Daga ƙarshen shekarun 1920 aka ƙarfafa noman citta mai yatsu a kudancin lardin Zazzau, wajen Kaciya da Kwoi, har ta wadata ta zama ta kowa da kowa. Ita darbejiya ma, wadda yau ake tsinkar ganyenta a ƙofar gida a yi sirace kamar da ita aka halicci garin, daga Indiya take, kuma a 1928 aka fara dasa ta a Barno. A wannan zamani ne wani likitan gwamnati, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su littafi a 1916, wanda har yanzu masu bincike suke komawa gare shi.

Sai dai dogon da ya kawo magani shi ne ya kawo annoba. A tsakiyar watan Satumba na 1918 wani jirgin ruwa mai suna Bida ya tsaya a Ikko da fasinjoji marasa lafiya daga Gwalkwas, kuma kafin 'yan makonni murar nan mai kisa, wadda ta hallaka mutum kimanin miliyan 50 a duniya, ta bi tashoshin jirgi ɗaya bayan ɗaya har ta iso arewa, a ƙarshen zamanin Sarkin Kano Abbas. An ƙiyasta cewa a Nijeriya kaɗai ta ɗauki rai wajen 500,000, alhali jama'ar ƙasar duka ba su wuce miliyan 18 ba. A zamanin ayari, wanda ya kamu da irin wannan ciwo a Ilori, ko dai ya warke ko ya cika a hanya tun kafin a hango Dala; jirgi kuwa yana sauke shi a tasha yana tari, da sauran ƙarfinsa na harbin wani. Likita Bature da malamin zaure duk hannu suka naɗe, domin sai a 1933 aka gano ƙwayar cutar a Landan. Waɗanda suka rayu, da yawansu kulawar gida ce ta riƙe su, ruwa da kunu da mai juya su a shimfiɗa.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai an tsawaita ba. An buɗe asibitin birni, aka sami dispensare, bayan Yaƙin Duniya na Biyu allurar fanisilin ta shigo ta yi suna, sa'an nan kemis-kemis suka yawaita, har kasuwar Sabon Gari da layukan da suke kewaye da ita suka zama babbar matattarar sarin magani, inda 'yan kasuwa daga Nijar da Cadi da Kamaru suka riƙa zuwa su yi lodi. Arahar ta zo da nata sharri. Mai mura ya saba da zuwa ya ce a haɗa masa, a ƙulla masa ƙwayoyi kala huɗu ko biyar a leda, cikinsu har da kafso irin na kashe bakteriya, wanda ba ya taɓa ƙwayar mura ko kaɗan, illa dai ya koya wa wasu cututtuka taurin kai. Maganin tari mai kodin kuwa ya tashi daga magani ya koma abin maye a hannun samari da 'yan mata, har gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a watan Mayu na 2018, bayan wani rahoton BBC da ya nuna halin da ake ciki a Kano.

A tsakanin haka wani sabon tunani ya shigo, wanda shi ne ya buɗe wa kwalaben ƙasashen waje ƙofa. Mutanen da suna sayen magani ne don ciwon da ya riga ya zo. Tun daga lokacin da rediyo ya cika kunnen jama'a da bayanin cuta mai karya garkuwar jiki, a shekarun 1990, sai aka fara sayensa don ciwon da bai zo ba, da niyyar ƙarfafa garkuwar. Shagunan da ake kira Islamic kemis suka bazu da man habbatussauda da zaitun da hulba, kasuwar sansanin alhazai kusa da filin jirgin sama ta cika da kayan Makka da Misira, kamfanonin talla gida-gida irin su Tianshi da Forever suka sa ma'aikatan ofis yawo da jakar kwalabe. A cikin wannan ayari ne wata baƙuwa mai suna ekinasiya ta iso, a matsayin ƙwaya ko ganyen shayi a kantar manyan kantunan magani, ko a gauraye cikin haɗin da aka rubuta masa alkawarin kare mutum daga mura.

Tarihinta ya cancanci a tsaya a kansa, domin duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tallar magani da lasifika a bakin 'Yankura zai gane shi. Tsiro ne na filayen ciyawa na tsakiyar Amurka ta Arewa, mai fure ja-ja da tsakiya mai ƙaya-ƙaya, kuma a lissafin masana tsirrai dangi ɗaya ne da shuwaka da tazargade. 'Yan asalin ƙasar, irin su Lakota, suna tauna saiwarsa don ciwon haƙori da na maƙogwaro, suna kuma amfani da ita ga saran maciji. Tana sa harshe ya yi zir-zir ya ɗan mutu, kamar yadda fasaƙwari yake yi. Wajen 1870 wani mai sayar da magani a jihar Nebraska, H. C. F. Meyer, ya ji labarinta, ya jiƙa ta ya ɗura a kwalba ya kira ta mai wanke jini, ya ce babu abin da ba ta warkarwa. Da ya so manya su yarda da shi sai ya rubuta wa likita John King da mai haɗa magani John Uri Lloyd na birnin Cincinnati, har ya yi tayin a kawo maciji mai dafi ya sare shi a gabansu don su ga aikinta. Ba su karɓi tayin macijin ba, amma sun karɓi saiwar, kuma daga 1887 ta shiga hannun wani rukuni na likitocin Amurka masu aiki da tsirrai, ta yi kasuwa ƙwarai, ko da yake ƙungiyar likitocin ƙasar ta yi watsi da ita a 1909 bisa rashin hujja. Da magungunan kashe bakteriya suka bayyana sai tauraronta ya dushe a can, ya haska a Jamus, inda Gerhard Madaus ya kai irinta a ƙarshen shekarun 1930 ya shuka, kamfaninsa ya riƙa matse ruwanta yana sayarwa. Daga Jamus ta sake komawa gida da sabuwar daraja, musamman bayan dokar Amurka ta 1994 wadda ta halatta sayar da irin waɗannan kayayyaki ba tare da an tabbatar da cewa suna warkarwa ba.

An kuwa jarraba ta, ba sau ɗaya ba. A 2005 masu bincike a Jami'ar Virginia suka ɗauki mutum 437 da suka ba da kansu, aka ba wasu ekinasiya, aka ba wasu abin da ya yi kama da ita alhali ba kome a cikinsa, sa'an nan aka ɗiga musu ƙwayar mura a hanci da gangan. Ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba, ko a yawan waɗanda suka kamu ko a tsananin ciwon. A 2014 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitoci, ta haɗa gwaje-gwaje 24 da suka ƙunshi mutum 4,631, ta ce ba a tabbatar tana warkar da mura ba, in ma tana da fa'ida wajen kariya to 'yar kaɗan ce. Hukumar magunguna ta Birtaniya kuma tun 2012 ta ce kada a ba yaran da ba su kai shekara 12 ba, saboda takan tayar wa wasu da borin jini mai tsanani.

Adalci shi ne a auna citta da kanumfari da wannan ma'auni, kuma in an auna su, su ma ba a tabbatar suna kashe ƙwayar mura ba. Ƙwayoyin da suke jawo ta sun haura iri 200, kuma galibi tana tafiya da kanta cikin mako guda zuwa kwana goma, saboda haka duk abin da aka sha a rana ta uku shi yake kwashe yabo a rana ta bakwai. A kan wannan sirri ne Meyer ya yi arziki, a kansa ne kuma mai lasifika yake ci. Zuma ce ta fi samun shaidar likitoci wajen sassauta tari, da sharaɗin kada a ba jaririn da bai cika shekara ba. Bambancin da nake gani tsakanin tsohon baƙo da sabo yana wurin ciniki ne. Mace ta tsaya gaban mai kayan yaji, ya ce, “Hajiya, na miya ne ko na mura?” ta ce, “Na mura, Malam, a cika mini citta,” sa'an nan ta ɗauki yatsa ɗaya ta karya, ta duba cikinsa ko ya yi gari, ta sansana, in bai yi mata ba ta matsa gaba, kuɗin da za ta kashe kaɗan ne, abin da za ta saya kuma abinci ne. Mai sayen kwalba a rufe ba shi da abin karyawa ko sansanawa, rubutu kawai ya saya, da tsada. Haɗarin da ya fi duka kuwa, ko da wanne aka riƙa, shi ne jinkiri: yaron da numfashinsa ya yi sauri, haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja iska, ya wuce mura ya shiga namoniya, wadda take cikin manyan masu kashe ƙananan yara a Nijeriya, kuma asibiti yake bukata a ranar.

A 2020 aka ga dukkan waɗannan zamunna sun haɗu a wata guda. An tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano ranar 11 ga Afrilu, aka kulle gari azumi yana shigowa, dattawa suka riƙa rasuwa a jere har masu haƙar kabari suka koka. Daga baya ministan lafiya, Osagie Ehanire, ya ce an ƙidaya mutuwa 979 a wannan tsakani, kuma rabi ko fiye da haka mai yiwuwa korona ce sababinsu. Gidajen da suka manta da sirace suka koma masa, citta da tafarnuwa da lemon tsami suka yi tsada, kuma da shugaban Madagaska ya fito da wani jiƙo da aka yi da ɗan'uwan tazargade, sai aka yi ta neman tazargade a Kurmi. An kawo jiƙon Nijeriya, cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta gwada shi, ta ce ba ta ga hujjar yana warkar da korona ba.

A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna ta ruɓar da mafi yawan amfanin shekarar, farashinta ya yi tashin da masu shayi da masu kunun zaƙi suka ji a jikinsu. A watan Fabrairu na 2024 kuma hukumar NAFDAC da majalisar masu haɗa magunguna suka rufe shagunan magani 1,321 a Sabon Gari da Malam Kato da titin Neja, suka ce masu sari su koma sabuwar cibiyar da aka gina musu a Dangwauro, kan hanyar Zariya. Masu faifan kayan yaji ba su cikin wannan hukunci, suna nan inda suke. Maganin gargajiya da aka ɗura a kwalba kuwa, na gida ne ko na waje, doka ta ce sai ya sami lambar NAFDAC. Lambar da ake fara ba irinsa shaida ce ta cewa an duba ba a ga guba a ciki ba, kuma ana wajabta wa mai shi ya rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarinsa na warkarwa ba, jumlar da ake bugawa da Turanci, da ƙananan baƙaƙe.